Zumunci a Ƙafa Yake: Amana a Kamfanin Lauyoyi Marar Ofis

A shekarar 2002 aka kafa wasu kamfanonin lauyoyi biyu, FisherBroyles a birnin Atlanta na Amurka da Keystone Law a Landan, waɗanda suka ɗauki salon da ya saɓa wa abin da wannan sana'a ta gada. Lauyoyinsu ba sa taruwa a gini ɗaya kowace safiya. Kowa yana aiki daga gidansa ko daga inda ya ga dama, takardu suna kai-kawo ta intanet, kuɗin da a da ake zubawa a hayar benaye kuma yana komawa ga waɗanda suka yi aikin. Abin da ya rage musu na gini bai wuce adireshi da ɗakin ganawa da mazaunin 'yan ma'aikatan gudanarwa ba. Da farko an ɗauke su 'yan gefe, amma Keystone ya shiga kasuwar hannayen jari ta Landan a 2017, FisherBroyles kuma ya kutsa cikin jerin manyan kamfanonin lauyoyi 200 na Amurka. Da annobar korona ta rufe ofisoshi a 2020, sai lauyoyin duniya suka ɗanɗani abin da waɗannan suka daɗe suna yi.

Ko irin wannan kamfani zai iya cin riba, wannan tambaya ta riga ta sami amsa. Wadda nake son dubawa a wannan maƙala ita ce ko mutanen da ba sa haɗuwa za su iya zama jama'a ɗaya mai ɗabi'a ɗaya, wadda ɗayansu zai dogara da ɗan'uwansa ranar da abu ya ɓaci. Hausawa kan ce zumunci a ƙafa yake. Idan aka ɗauki maganar a zahirinta, to kamfanin da babu mai taka ƙafa zuwa wurin wani ba shi da rabo a zumunci, kuma duk ƙoƙarin gina al'adar aiki tare a cikinsa aikin baban giwa ne. Ni a ganina karin maganar gaskiya ce, sai dai ƙafar da take nufi ita ce wahalar da mutum ya yarda ya sha saboda wani. Kamfani marar ofis zai iya samun zumunci, da sharaɗin ya gano mene ne ƙafarsa, ya kuma yarda ya biya kuɗin takawa.

Tambayar ta fi nauyi a kan lauyoyi fiye da sauran masu sana'a, domin doka tana kallon kamfaninsu kamar mutum ɗaya. A ƙa'idojin ɗa'ar aiki na Ƙungiyar Lauyoyin Amurka, idan an haramta wa lauya ɗaya karɓar wata shari'a saboda yana wakiltar abokin jayayya, a mafi yawan lokuta haramcin yana hawa kan kowa a kamfanin. Sirrin da wani ya faɗa wa ɗayansu amana ce a wuyan dukansu. Manyan lauyoyi kuma wajibi ne su sa ido a kan aikin ƙanana da na ma'aikatan da ba lauyoyi ba. A watan Maris na 2021 ƙungiyar ta fitar da bayanin matsaya mai lamba 498, inda ta jaddada cewa aiki daga nesa bai sauke ko ɗaya daga cikin waɗannan wajibai ba, har ta ja kunne game da na'urorin gida masu sauraren murya da ka iya jin zancen sirri. Ke nan wanda ya kawo ƙararsa ya damƙa gidansa ko gadon 'ya'yansa ko 'yancinsa ne ga mutanen da aka ce masa hannu ɗaya ne. Idan a zahiri tarin baƙi ne da suna kawai ya haɗa su, to an sayar masa da abin da babu.

Wannan sana'a ta daɗe da sanin cewa ba a littafi kaɗai ake ƙera lauya ba. A Landan akwai tsofaffin ƙungiyoyin lauyoyi huɗu, Lincoln's Inn da Gray's Inn da Inner Temple da Middle Temple, waɗanda shekaru aru-aru suka wajabta wa ɗalibi ya zauna cin abinci da magabatansa wasu adadin lokuta kafin a ba shi izinin tsayawa gaban alƙali. Nijeriya ta gaji wannan al'ada, domin har yanzu ɗalibin Makarantar Horon Lauyoyi sai ya halarci liyafar cin abinci sau uku kafin a rantsar da shi. Wani zai yi wa abin dariya, ya ce wace hikima ce a cikin cokali da faranti? Hikimar ita ce a wurin zama ake ganin hali. Haka ofis ya yi ta aiki a ɓoye ba tare da kowa ya tsara ba. Ƙaramin lauya yakan ji ta bango yadda babba ke shaida wa mutum cewa ƙararsa ba za ta yi nasara ba. Yakan ga lokacin da aka ƙi karɓar aiki mai maiƙo saboda akwai ƙanshin ha'inci a cikinsa. Sakatariya takan lura da wanda ya kwana uku bai yi dariya ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke rubuce a takardar ɗaukar aiki, amma su ne suka riƙa mayar da mai digiri ya zama lauya.

Adalci ne kuma a faɗi cewa ofis bai taɓa zama aljanna ba. A cikinsa ake fifita wanda ya fi daɗewa kan kujera a kan wanda ya fi iya aiki, a cikinsa ake kai gulma, kuma shi ne ya riƙa tankaɗe uwa mai goyo da mai lalurar tafiya da wanda gidansa ke nesa da tsakiyar birni. Gini ma ba ya hana rugujewa, domin kamfanin Dewey & LeBoeuf na birnin New York, mai lauyoyi fiye da 1,000, ya durƙushe a 2012 bayan manyansa sun yi ta ficewa, alhali yana da benaye a manyan biranen duniya. Nisa kuma bai taɓa hana amana ba. Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya tsayu a kan bashi da yarda tsakanin mutanen da ke da tazarar ɗaruruwan mil. Abin lura a cikin bayaninsa shi ne cewa yardar tana da mai ɗaukar nauyinta. Maigida ne ke sauke baƙon falke, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan mahaucin da ya karɓi sa bashi ya gaza biya. Amanar ta yi nisan zango ne saboda a kowane zango akwai wanda ya yarda ya yi asara dominta.

To, me ke ɓacewa idan an rufe ofis, kuma wa ke yin asarar? Wani bincike da aka wallafa a 2021 a kan ma'aikatan Microsoft fiye da 60,000 ya nuna cewa da suka koma aiki daga gida, hulɗarsu ta ƙuntata ga 'yan rukuninsu, gadojin da ke tsakanin sassa kuma suka yi rauni. Wani na 2023, wanda Natalia Emanuel da Emma Harrington da Amanda Pallais suka gudanar a kan masu rubuta manhajar kwamfuta, ya gano cewa waɗanda ke zaune gini ɗaya da abokan aikinsu sun fi samun gyara da shawara, kuma matasa da mata ne suka fi cin moriyar hakan. Ya kuma gano wani abin da ya fi jan hankalina, wato manyan ma'aikatan da ke ba da wannan gyara nasu aikin yana raguwa. Waɗannan binciken ba a kan lauyoyi aka yi su ba, amma darasin ya shafe su. Horon na ƙasa haraji ne da na sama ke biya, ofis kuma shi ne ya riƙa karɓar harajin a fakaice, ta hanyar ƙwanƙwasa ƙofa da tambayar da ake jefowa a bakin matakala. Da zarar an rufe ƙofar, babba zai ji aikinsa ya yi sauri, ya ɗauka sabon tsarin ya fi, bai san cewa saurin nan rabon wani ne ya dawo hannunsa ba.

A nan wata tambayar ɗa'a take tasowa wadda ta shafi sana'ar baki ɗaya. Galibin kamfanoni marasa ofis gogaggun lauyoyi suke ɗauka, waɗanda suka shafe shekaru ana gyara musu rubutu da jan biro a wasu kamfanonin. Suna shan inuwar bishiyar da wasu suka dasa. Babu laifi a shan inuwa, amma idan kowa ya zama mai sha, nan da ƙarni guda ba za a sami bishiya ba. Kamfanin da ke alfahari da cewa ba ya kashe ko sisi a kan horon yara, ya kamata ya san cewa wani ne ya biya masa, kuma bashi ne.

Akwai magunguna biyu da ake yawan garzayawa gare su, kuma duka biyun ina ganin ba su kai ga ciwon ba. Na farko shi ne leƙen asiri. Ana da manhajojin da ke ƙirga sau nawa ma'aikaci ya taɓa madannan kwamfutarsa, ko su riƙa ɗaukar hoton abin da ke allonsa. Tunanin da ke ƙarƙashin wannan tsoho ne. Aflatun ya kawo labarin makiyayin da ya tsinci zoben da ke ɓatar da shi daga idon mutane, ya yi amfani da shi ya kashe sarki ya haye gadonsa, domin a tambayi ko akwai mai yin adalci idan ya tabbata ba a ganin sa. Jeremy Bentham kuma a ƙarshen ƙarni na 18 ya zana kurkukun da mai gadi ɗaya zai iya hangen kowane fursuna ba tare da su sun gan shi ba. Amma aikin lauya na gaske ba ya cikin abin da ido ke kamawa. Manhaja za ta shaida cewa ya buɗe takardar yarjejeniya na tsawon awa uku, ba za ta iya shaida ko ya karanta sakin layi na arba'in da zuciya ɗaya ba. Bayan haka hoton allon lauya hoton sirrin wanda yake wakilta ne. Mafi muni, wanda aka nuna wa ba a yarda da shi ba yakan ƙware a ɓoyewa, kuma ɓoyewa ita ce cutar da ta fi kashe shari'a.

Magani na biyu shi ne nishaɗi: taron shan shayi ta bidiyo, wasannin kacici-kacici ranar Juma'a, kofuna da riguna masu tambarin kamfani. Ba na ƙyamar waɗannan, domin fara'a ba ta ɓata komai. Sai dai Aristotil ya rarrabe abota gida uku, ta amfani da ta jin daɗi da ta nagarta, ya kuma lura cewa biyun farko suna gushewa da zarar amfanin ko daɗin ya gushe. Wanda kuka yi dariya tare ta bidiyo bai zama wanda za ka kira ƙarfe sha ɗayan dare ka ce masa ka yi ɓarna ba.

Idan haka ne, mene ne ƙafar lauya? Lokacinsa ne. A yawancin kamfanonin Amurka da Ingila ana sayar da lokacin lauya ne a gutsuren minti shida-shida, wato kashi ɗaya cikin goma na awa, kuma kowane gutsure yana da farashi. A kamfanoni marasa ofis lissafin ya fi fitowa fili, domin lauya yakan riƙe kaso mafi tsoka na kuɗin da aikinsa ya kawo, wanda a wasu wuraren yakan kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Tsarin yana da adalcinsa, tun da ya kawar da rabon son kai da ake yi a bayan ƙofa. Amma yana sanar da kowa, a kowane wata, cewa awar da ya ba abokin aikinsa kyauta daga bakin iyalinsa ya cire ta. Abin da ke riƙe da jama'a a irin wannan wuri lissafi ne, kuma lissafi yana da sauƙin ɗauka a tafi da shi. A watan Janairun 2024 lauyoyi fiye da 100 suka bar FisherBroyles lokaci guda suka kafa wani kamfanin mai irin tsarinsa, Pierson Ferdinand. Rabuwa ba aibi ba ce, kuma masu benaye ma suna rabuwa. Abin da lamarin ya nuna shi ne cewa inda babu kayan kwashewa, ƙaura ba ta da wuya, saboda haka duk abin da zai sa mutum ya zauna dole ya kasance yana tsakaninsa da mutane.

Bari in kawo misali domin a ga inda maganar take ciwo. A kotunan tarayyar Amurka, wa'adin shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara a mafi yawan shari'o'in da ba na laifi ba kwana 30 ne. A ƙaddara wata matashiyar lauya, tana zaune ita kaɗai a ɗakinta da dare, ta gano cewa ta yi kuskuren ƙirga, wa'adin ya cika tun jiya. Doka ta bar wata 'yar ƙofa: ana iya roƙon kotu ƙarin lokaci cikin wasu kwanaki 30 idan an nuna uzuri karɓaɓɓe. Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ma ta bayyana a 2018 cewa wajibi ne lauya ya sanar da wanda yake wakilta duk wani babban kuskure da ya tafka. Idan ta yi magana a daren, akwai sauran dama. Idan tsoro ya sa ta yi shiru tana fatan abin ya wuce, ƙofar za ta rufe, wani bawan Allah kuma ya rasa haƙƙinsa har abada. A ofis, wataƙila fuskarta ta tona ta da safe. A gida babu mai ganin fuskar. Abin da zai sa ta ɗaga waya shi ne abin da ta riga ta sani game da wanda zai amsa: ko ya taɓa ba ta lokacinsa ba tare da ya duba agogo ba, ko ta taɓa jin wani babba ya faɗi nasa kuskuren a gaban kowa, ko kuma ta ga yadda aka yi da wanda ya yi kuskure kafin ita. Da a ce ni ne mai auna al'adar kowane kamfani, da wannan daren zan auna ta.

Daga nan ake gane abin da ya wajaba a kan shugabanni. Duk abin da bango da matakala suka riƙa yi kyauta, yanzu sai an yi shi da niyya, an kuma sa masa kuɗi. Kowane ƙaramin lauya ya kasance yana da babba guda da aka ambata da suna, wanda kamfani ke biyan sa awannin horo daga asusun kowa, don kada alherinsa ya zama tara. A riƙa gayyatar ƙanana su saurari ganawa da tattaunawar sulhu ta waya, da izinin mai shari'ar, ko da ba za su ce uffan ba. Gyaran rubutu ya zo da dalilinsa, domin takardar da aka gyara aka mayar ba bayani ba ta koyar da komai. A rubuta ƙa'idojin da a da ake tsinta a iska, kamar wa ake kira idan an shiga matsala da kuma awannin da ba a tsammanin amsa daga kowa. Sakatarori da masu kula da kundin shari'o'i su kasance cikin taro, tun da su ne suka fi saurin ganin wa'adin da ke gabatowa. Sannan a sami mai tambayar lafiyar mutane da gaske. Binciken da Ƙungiyar Lauyoyin Amurka da gidauniyar Hazelden Betty Ford suka fitar a 2016, a kan lauyoyi kusan 13,000, ya sami alamun ciwon damuwa a kashi 28 cikin 100, da shan giya mai cutarwa a wajen kashi ɗaya cikin biyar, kuma matasa ne abin ya fi shafa. Wannan kafin kowa ya koma ɗakinsa ke nan.

Mai suka zai ce kulawar da aka tsara aka kuma biya ba kulawa ba ce, kwaikwayo ne. Wannan suka tana da ƙarfi, amma ban yarda da ita ba. Gaisuwar da muke yi wa maƙwabci kowace safiya tsararriya ce, kalmominta ma ba mu muka ƙirƙira ba, duk da haka ita ce ke buɗe hanyar da ranar rashin lafiya za a bi a shigo. Ɗabi'a da maimaici take kafuwa, kuma mutum yakan fara abu don an ɗora masa, ya ƙare yana yi don ya zama halinsa. Biyan babba kuɗin horo ba sayen zuciyarsa ba ne, cire masa shinge ne daga hanya. Inda nake ba mai sukar gaskiya shi ne cewa akwai abin da waya ba ta ɗauka. Ta'aziyyar da aka yi da saƙon imel ba ta kai wadda aka yi da zama a tabarma ba. Saboda haka kamfani marar ofis ya ware wani abu daga kuɗin hayar da ya tsira da shi, ya riƙa tara mutanensa ido da ido ko da sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma idan rasuwa ko haihuwa ta sami ɗayansu, wani ya shiga mota ko jirgi ya je.

Abin da ya sa ziyara take da daraja a wurinmu shi ne wanda aka ziyarta ya san an bar wani abu an zo, an bar kasuwa ko gona ko hutu. Rufe ofis bai kashe wannan ma'ana ba, ya dai tone ta, ya raba ta da haɗuwar dole da muke ɗauka zumunci ce alhali maƙwabtakar kujera ce kawai. A ofis mutum zai iya shekara goma kusa da wani ba tare da ya taɓa zaɓar sa ba. A kamfani marar ofis duk wata kulawa zaɓi ce, kuma ana iya ganin farashinta a takardar albashi. Wannan ya sa aikin ya fi wuya, ya kuma sa nauyinsa ya koma kacokan kan manya, domin su ne masu lokacin da ya fi tsada. Ranar da babban lauya ya ajiye aikin da zai kawo masa kuɗi, ya kira ƙaramar da ba ta nemi ya kira ba, ya zauna da ita minti arba'in a kan takardar da ba za a caji kowa ba, ya taka ƙafa. Wanda ya kawo ƙararsa ba zai taɓa sanin an yi wannan kiran ba, amma a kansa haƙƙinsa ya rataya.